Rigar Hawa Babur: Ta Fata ko Ta Yadi? Jagora Ga Mai Shirin Saye

Tun ranar 1 ga Janairun 2009 da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sanya hular kwano a Nijeriya, kusan duk maganar kare mai babur a kan kai take tsayawa. Kai kuwa ya cancanci hakan. Amma duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa wankin ciwo bayan faɗuwar babur ya san inda kwalta take fara ci: kafaɗa, gwiwar hannu, damtse da gadon baya. Irin wannan ciwo ba kasafai yake kisa ba, sai dai yakan kwantar da magidanci makonni, ya cinye kuɗin cefane, wani lokaci har sai an yanko fata daga cinya an lulluɓe wurin. Don wannan aka yi rigar hawa babur, kuma iri biyu ce a kasuwa, ta fata da ta yadi.

Bari in faɗi matsayina tun da wuri. Fata ta fi yadi jure gurzar kwalta, babu musu. Duk da haka, ga mafi yawan masu babur a ƙasarmu, daga Kaduna har Damagaram, rigar yadi mai raga da garkuwa, wato robar da ke shanye bugu, ita ce daidai, saboda ita ce mutum zai iya sakawa a watan Afrilu da tsakar rana. Rigar da zafi ya sa aka rataye ta a ƙusa babu wanda take karewa. Akwai waɗanda fata ta fi dacewa da su, za mu zo kansu.

Mataki na farko: san irin hawan da kake yi

Kafin ka taka kasuwa, amsa wa kanka tambayoyi uku da gaskiya. Gudun nawa ka saba yi? Awa nawa kake yi a kan babur a yini? A wane yanayi ka fi hawa?

Tambayar gudu ita ce babba. Mai tafiya kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kuma da wannan saurin jikinsa zai haɗu da ƙasa. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da dole ya ƙare a tsakanin jikinka da kwalta ninkawa yake sau huɗu. Saboda haka malamin makarantar da ke hawa Jincheng daga gida zuwa aiki a cikin gari, da ɗan acaɓa ko ɗan kabu-kabun da ke yini a kan Boxer, da matashin da ke da babban babur yana bin hanyar Kano zuwa Kaduna, buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Na farko da na biyu sun fi fuskantar faɗuwa a ƙaramin gudu: a buga kafaɗa, a gurje hannu, a tsaya. Na uku idan ya faɗi zai yi ta ja a ƙasa mita da yawa kafin ya tsaya, kuma a nan ne bambancin fata da yadi yake fitowa fili.

Mataki na biyu: gane aikin rigar

Aiki biyu take yi, kuma abubuwa biyu daban ne suke yin su. Jikin rigar, fata ne ko yadi, shi ke hana kwalta cin naman jikinka. Kwalta kamar dutsen wasa wuƙa take, shadda ko rigar auduga ba ta cika daƙiƙa ɗaya a kanta kafin ta huje. Garkuwa kuma, wato ƙullin roba mai taushi da ake cusawa a aljihun ciki a kafaɗa da gwiwar hannu da baya, ita ke shanye bugun farko. Rigar fata mai kauri marar garkuwa za ta hana ka ƙujewa amma gwiwar hannunka za ta ji bugun gaba ɗaya. Garkuwa mai kyau a cikin yadi marar ƙwari kuwa, da zarar yadin ya yage za ta fice ta bar ka.

Akwai abin da babu rigar da ke iya yi. Ba ta hana karaya idan mutum ya yi karo da mota ko turken wuta. Tana rage rauni ne, kuma ragin da take yi babba ne.

Mataki na uku: auna fata

Rigar fata ta babur tsohuwar aba ce. A 1928 Irving Schott ya fitar da samfurin Perfecto a birnin New York na Amurka, mai zif a karkace, kuma har yau shi ake kwaikwayo. Masu tseren MotoGP, waɗanda gudunsu ke wuce kilomita 300 a awa, fata suke sakawa daga wuya har idon sawu, yawanci ta kangaru saboda ƙwarinta da rashin nauyi, wasu ta saniya. Tun 2018 kuma dole ne rigar tasu ta kasance da jakar iska a ciki. Da yadi ya fi fata a wurin gurza, da tuni sun koma kansa.

Abin da ya ba fata wannan matsayi shi ne yadda zaruruwanta suke a cakuɗe, ba a jere ba kamar na saƙa. Kwalta takan ci ta a hankali daga sama, ba ta warware lokaci ɗaya, kuma zafin gurza ba ya narkar da ita. Tana kuma santsi a kan titi maimakon ta riƙa kamawa tana juya mutum. Sau da yawa rigar fata takan tsira daga faɗuwa da ɗan tabo kawai, a gyara ɗinki a ci gaba da sakawa. Idan ana kula da ita takan yi shekaru masu yawa, tana ƙara bin siffar jikin mai ita.

Sai dai ba kowace fata ba. Wadda ake nema ita ce ta saniya mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.4. Yawancin rigunan fata da ke rataye a shagunan kayan sawa na ado ne, fatar tunkiya ce mai laushi wadda ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma tana da saurin yagewa. Taushin da ke burge hannu a shago shi ne rauninta a titi. Mafi muni ita ce fatar roba, wadda yadi ne aka shafa wa roba a sama aka buga masa zanen fata. Zafinmu kaɗai yana sa ta ɓarewa tun kafin a faɗi da ita.

Wani zai ce ai mu ne masu fata. Gaskiya ne. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna tun zamanin da ayarin raƙuma ke tsallaka Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, kuma har yau akwai kamfanonin jima a Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano. Amma akasarin abin da ake jemewa na awaki da tumaki ne, don jaka da takalmi da makamantansu, fatar shanu kuwa kaso mai yawa nata tukunya take shiga a matsayin ganda. Fatar akuya tana da ƙwari gwargwadon kaurinta, shi ya sa ake yin safar hannun babur da ita, amma siririya ce. Idan ka samu baduku gwani da fatar saniya mai kaurin da aka ambata, zai iya ɗinka maka abin da ya fi rigar ado nesa ba kusa ba, matuƙar ya ninka fatar a kafaɗa da gwiwar hannu, ya yi ɗinki biyu da zare mai ƙarfi, ya bar aljihun garkuwa. Ina fatan dukawanmu za su shiga wannan sana'a da gaske, domin hannunsu ya isa. Ka dai sani cewa abin da ya ɗinka babu inda aka gwada shi, da ƙwarewarsa kaɗai kake dogaro.

Matsalolin fata uku ne, kuma duka ukun yanayinmu yana ƙara musu nauyi. Tana da nauyi, takan kai kilo 2 zuwa 3. Ba ta barin iska ta wuce, ga shi yawancinta baƙa ce, tana zuƙar zafin rana. Sannan ba ta jituwa da ruwa: idan ruwan Agusta ya jiƙa ta takan ƙara nauyi, ta daɗe ba ta bushe ba, in an bar ta a ɗaki mai laima funfuna ta kama ta. Akwai mai ƙananan huji a ƙirji da hannu, tana da sauƙi idan babur na tafiya, amma a cunkoson kasuwa inda ake tafiya ana tsayawa, hujin ba ya tsinana komai.

Mataki na huɗu: auna yadi

A nan ake fi cutar mai saye, domin kalmar yadi ta haɗa abu mai ƙwarin gaske da abin da bai fi jakar makaranta ba, kuma a ido kusan kamarsu ɗaya.

Ka nemi lamba mai harafin D a jikin takardar rigar, kamar 600D ko 1000D. Awon kaurin zare ne: nauyin zare mai tsawon mita 9,000 a giram. Lamba mafi girma, zare mafi kauri. Amma irin zaren ya fi lambar muhimmanci. Nailan ya fi foliyesta jure gurza, don haka Cordura mai 500D, wanda nailan ne, yakan fi foliyesta mai 600D. Foliyesta 600D shi ne abin da aka fi samu a riguna masu araha, kuma ya isa ga hawan cikin gari idan an ninka shi ko an ƙara yadi mafi ƙarfi a kafaɗa da gwiwar hannu. Rigar da ta fi wannan za ka ga an sa mata 1000D a waɗannan wurare, ko an shimfiɗa Kevlar daga ciki. Kevlar zare ne rawaya da Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, yana jure yanka da zafi sosai, amma hasken rana yana raunana shi, shi ya sa ake ɓoye shi a ƙarƙashin wani yadin.

Rauni ɗaya da ya kamata ka sani: nailan da foliyesta duk suna narkewa idan zafi ya kai wajen digiri 250, kuma doguwar gurza a kan kwalta tana iya kai su can. Don haka kada ka saka rigar yadi a kan tsurar fatarka ko a kan singileti. Saka riga mai dogon hannu ta auduga a ciki. Kuma rigar yadi yawanci faɗuwa ɗaya mai ƙarfi take ɗauka, daga nan sai sabuwa.

Abin da take bayarwa a madadin haka yana da yawa. Ba ta da nauyi. Ana wanke ta, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai yini cikin ƙura da zufa. Ana samun ta da launi mai haske, da layin ƙyalli da fitilar mota ke haskawa da dare. Tana da aljihuna. Sannan tana zuwa a siga biyu. Akwai mai raga, wadda ƙirjinta da bayanta da cikin hannunta raga ce, kafaɗa da gwiwar hannu kuma yadi mai kauri. Akwai rufaffiya mai tagogin zif da ake buɗewa iska ta shiga, wadda galibi take zuwa da shafi biyu da ake cirewa, ɗaya na sanyi ɗaya na ruwa.

Game da shafin ruwa, mafi shahara shi ne Gore-Tex, wanda ya samo asali daga binciken Bob Gore a 1969, yana hana ruwa shiga yana barin tururin zufa ya fita. Abu ne mai kyau kuma mai tsada, amma an yi shi ne don ƙasashen da ake ruwa da sanyi rabin shekara. Shawarata ita ce ka guji duk rigar da aka manne mata shafin ruwa yadda ba ya ciruwa. Daminarmu wata huɗu ce zuwa biyar, ruwan ma ya zo ya wuce ne, amma shafin zai riƙe maka zafi duk shekara. Rigar ruwa ta leda da za ka naɗe a ƙarƙashin kujera, ka ɗora a kan ta babur idan hadari ya taso, ta fi sauƙi ta fi araha.

Mataki na biyar: sa yanayi ya raba gardama

Daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a Kano da Katsina da Maraɗi yana kai wa digiri 40, a Sakkwato da Maiduguri yana wuce haka. Mutumin da ke cikin baƙar rigar fata a irin wannan rana, a tsaye a danja, zufa tana zuba, ba rashin jin daɗi kaɗai yake fama da shi ba. Ruwan jikinsa yana ƙarewa, hankalinsa yana raguwa, hannunsa yana jinkirin kai wa birki. Rigar da aka saya don kariya ta zama sanadin hatsari. A shekarun da azumi yake faɗowa a bazara, abin ya fi tsanani, domin babu damar kurɓar ruwa a hanya.

Mai raga ma tana da iyakarta. Zafin saman fatar mutum bai wuce digiri 33 zuwa 35 ba. Idan iskar waje ta fi wannan zafi, iskar da ke ratsa ragar ɗora maka zafi take yi, tana kuma busar da zufa kafin ta sanyaya ka. Dabarar da masu doguwar tafiya a ƙasashen hamada suke yi ita ce su jiƙa rigar audugar ciki da ruwa kafin su tashi, iska tana busar da ita tana sanyaya jiki, in ta bushe su tsaya su sake jiƙawa. Wannan dabara da rigar yadi take tafiya, fata ba ta son a riƙa jiƙa ta. Ka kuma zaɓi launin toka mai haske ko ruwan ƙasa, ƙura ma ba ta cika nunawa a kansu ba.

Hunturu kuma shi ne lokacin fata. Da asubahin Disamba da Janairu sanyi yakan sauko ƙasa da digiri 15, a Jos ya fi haka sauka, kuma iskar gudu tana ninka shi. Fata tana tare iska tsaf. Mai rigar raga sai ya mayar da shafinta, ko ya sa rigar sanyi a ciki ya ɗora rigar ruwa a waje, ya samu kusan abu ɗaya. Lissafin ke nan: za ka iya ƙara wa rigar raga ɗumi da kayan da ke gidanka, amma babu yadda za ka rage wa rigar fata zafi.

Mataki na shida: karanta tambarin ciki

Tun Afrilun 2018 dokar Tarayyar Turai ta wajabta gwada duk tufar babur da ake sayarwa da sunan kariya, kuma a 2020 aka fitar da ma'aunin EN 17092. A cikin rigar za ka ga ɗan ƙyalle mai hoton mutum a kan babur, da wannan lamba, da harafi. Ana gwajin ne da injin da ke jefa samfurin yadin a kan dandamalin kankare yana juyawa. AAA ita ce mafi ƙarfi, ana gwada kafaɗa da gwiwar hannunta a abin da ya yi daidai da gudun kilomita 120. AA a wajen 70, A a wajen 45. B tana jure gurza amma ba ta da garkuwa, C kuma garkuwa ce kawai a cikin raga, ba a yi ta don gurza ba. Amfanin wannan tambari shi ne ya sa fata da yadi a sikeli ɗaya. Rigar yadi mai AA ta fi rigar fatar da babu wanda ya san asalinta. Yawancin masu raga A ne ko AA. Ga hawan cikin gari A ta wadatar, ga mai bin babbar hanya kada ya sauka ƙasa da AA.

Garkuwa tana da nata tambarin, a jikinta aka buga shi, don haka sai ka zaro ta ka duba. EN 1621-1 na kafaɗa da gwiwar hannu ne, EN 1621-2 na baya. Kowanne yana da mataki 1 da 2. A gwajin kafaɗa da hannu, mataki 1 yana barin ƙarfin bugu har 35 kN, wato kilonewton, awon ƙarfi, ya wuce, mataki 2 bai wuce 20 ba. A na baya, 18 ne da 9. Idan ka ga T+ a gefe, an gwada ta a zafin digiri 40 ta ci jarrabawa, kuma wannan alama ta shafe mu kai tsaye, domin wasu robobin suna yin laushi a zafi su rage aiki.

Hattara da abu biyu. Sau da yawa harafin CE, alamar cika ƙa'idar Turai, da ke rataye a riga na garkuwar ne kaɗai, jikin rigar ba a gwada shi ba. Sannan ma'aunin bai wajabta garkuwar baya ba, shi ya sa riguna da yawa, har masu tsada, da guntun soso suke zuwa a aljihun baya. Soson nan cika wuri kawai yake yi. Cire shi ka sayi ta gaske daidai girman aljihun. Tambarin jabu ma yana nan, musamman a kan rigunan da aka manna wa sunan manyan kamfanoni irin su Alpinestars ko Dainese ana sayar da su a kuɗin kaftani. Araha ba ta ado.

Mataki na bakwai: bincike da hannu, musamman a gwanjo

Da yawanmu a gwanjo za mu samu rigar kirki, a irin su Ƙofar Wambai ta Kano, inda rigunan babur na gaske daga Turai sukan faɗo a cikin dila ba tare da mai sayarwa ya bambanta su da rigar sanyi ba. Wadda aka yi kafin 2018 ba lallai ta zo da harafin gwajin nan ba, to sai hannu da ido.

Juya rigar ciki ya koma waje. Fara da ɗinki, domin riga ta fi fashewa ta wurin ɗinki kafin jikinta ya huje. A kafaɗa, da bayan hannu, da gefen jiki, ana son layi biyu ko uku, ɗaya daga ciki a ɓoye yadda kwalta ba za ta taɓa zaren ba. Kama gefe biyu ka ja da ƙarfi. Idan ka ga haske ta ramukan allura ko zare ya yi ƙara, ajiye ta. Rigar da aka haɗa da ƙananan gutsattsari da yawa don ado ta fi mai manyan falle rauni, kowane haɗi ƙofa ce.

Idan ta fata ce, nemi wurin da za ka ga bayan fatar, ta ƙasan shafi ko cikin aljihu. Fatar gaske bayanta gashi-gashi ne, ta roba kuwa saƙar yadi za ka gani. Sansana ta, ƙamshin jima ba ya ɓuya. Lanƙwasa ta a gwiwar hannu, idan ta nuna tsaga ko ta yi ƙarar bushewa, ta mutu, mai ba zai dawo da ita ba. Idan ta yadi ce, duba kafaɗa: launin da ya koɗe sosai alama ce rana ta ci zaren, wurin da ya yi sheƙi ya taurare kuma alama ce an taɓa faɗuwa da ita. Zif ya zama mai manyan haƙora, ja shi sama da ƙasa sau da yawa. Na kamfanin YKK ne aka fi yarda da shi. Garkuwar tsohuwar riga kuwa, matsa ta da yatsa, in tana marmashewa ko ta ƙame, ka lissafa kuɗin sabuwa a cikin cinikin.

Mataki na takwas: gwaji a jiki

Mun saba da tufa mai yalwa, to wannan rigar ba haka take ba. Dole ta kama jiki, domin garkuwar da ke yawo za ta goce daga gwiwar hannu a daidai lokacin da ake buƙatarta. Saka ta a kan irin kayan da kake hawa da su, ja zif har wuya, ka zauna a kan babur ka kama kan, ko aƙalla ka miƙa hannu gaba ka sunkuya. Hannun rigar ya rufe wuyan hannunka, bayanta ya rufe ƙugu. Sa wani ya kama garkuwar gwiwar hannu ya murɗa, idan ta zagaya gefe, rigar ta yi yawa ko maɗaurin damtse yana son a ƙara ja. Ya kuma kama ƙasan rigar ta baya ya ɗaga, idan ta tattare har tsakiyar baya, haka za ta yi a kan kwalta. Sabuwar fata takan ɗan saki bayan an saba sakawa, yadi kuwa yadda ka saye shi haka zai zauna.

Kaftani yana shiga ƙarƙashin rigar, a tattare ƙasansa a zauna a kai. Babbar riga kuwa a naɗe ta a jaka sai an isa, ita da mayafi da zanen wadda aka goya, duk abin da ke lilo kusa da sarƙa da tayar baya hatsari ne. Wadda ke bayanka ma kwalta ɗaya za ku faɗa, idan kana yawan goya iyali a babbar hanya, rigar tata tana cikin lissafi.

To wa zai sayi wacce?

Ɗan acaɓa, mai kai saƙo, ma'aikaci, ɗalibi, da duk mai hawan cikin gari: yadi mai raga, launi mai haske, A ko AA, garkuwa a kafaɗa da hannu da baya, da rigar ruwa a ajiye. Mai zirga-zirga tsakanin garuruwa da ƙauyuka, kwalta da burji, a kowane yanayi: yadi mai AA, mai manyan tagogin iska da shafi mai ciruwa. Mai babban babur da ke gudun sama da kilomita 100, wanda ya fi fita da sassafe ko a hunturu, ko mazaunin wuri mai sanyi irin Jos da Mambila: fatar saniya mai huji, AA ko AAA, kuma ya haɗa da wandonta, a zuge su da zif ɗin ƙugu. Mai halin sayen biyu ya fara da ta raga. Idan kuɗin bai isa komai da komai ba, hular kwano ce farko, sai safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu, sannan riga.

Kula da ita

Rigar yadi: cire garkuwa, wanke da hannu da sabulu marar ƙarfi, ban da bilic, shanya a inuwa. Kada ka bar ta a kan babur a rana duk yini, rana ce babbar mai cin nailan.

Rigar fata ba a tsoma ta a ruwa. Goge ƙura da tsumma mai ɗan laima, ka juya cikinta ya sha iska bayan kowace tafiya, domin gishirin zufa yana cin ta daga ciki. Idan ruwan sama ya jiƙa ta, bar ta ta bushe da kanta a inuwa, nesa da wuta da rana. Kafin hunturu da bayansa shafa mata man fata kaɗan, ka fara gwadawa a wurin da ba a gani, kuma kada baƙin mai ko man girki ya kusance ta. Rataye ta a hanga mai faɗi, ba a cikin leda ba.

Bayan kowace faɗuwa, ko ƙarama ce, zaro garkuwar ka duba tsaga, ka bi ɗinkin kafaɗa da hannu da yatsa. Fatar da ta ƙuje daga sama kawai tana nan da ƙarfinta, baduku zai iya mayar da ɗinkin da ya saki da zaren nailan mai kauri, ya bi ramukan da ke nan maimakon ya huda sababbi. Yadin da ya huje ko ya narke a kafaɗa ko gwiwar hannu kuwa, facin tela ba zai mayar da shi yadda yake ba. Cire garkuwar idan lafiyarta ƙalau, ka sa ta a sabuwar riga.